Jita A Cikin Kwamfuta: Sharhi Kan Faifan "Anar" Da Waƙoƙin Da Samarinmu Na Abijan Ke Ɗauka A Ɗaki

Yau a Abijan yaro ba ya bukatar sanin ƙofar situdiyo kafin ya fitar da waƙa. Abin da yake bukata shi ne jita, da tsohuwar kwamfuta irin wadda ake samu a Black Market na Adjame, da ɗan akwatin nan da mawaƙan garin ke kira kat-son, sai waya ɗaya da za ta haɗa su. Ya kulle ɗakinsa bayan isha'i, kafin asuba waƙa ta kammala, kafin azahar ta iso wayoyinmu mu ma'aikatan rediyo ta WhatsApp, da saƙon "don Allah a taimaka a sa mana". Cikin masu turo irin waɗannan waƙoƙi akwai 'ya'yan Hausawan Treichville da Adjame, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka zo daga Tawa da Ƙwanni da Maraɗi da Sakkwato da Kano. An haife su a bakin tafkin Ebrie, suna jin Faransanci da Julanci, amma in sun ɗauki jita za su rera, da Hausa suke son rerawa. A kansu nake wannan rubutu, kuma dominsu.

Tun da abin ya yawaita masu sauraro suka rabu gida biyu. Manya suna cewa wannan ai aikin inji ne, wanda bai iya kiɗa ba shi ke fakewa da kwamfuta. Samari kuwa suna cewa zamani riga ne, kuma duk wanda bai taɓa ƙirga kuɗin awa ɗaya na situdiyo daga aljihunsa ba, to ya yi shiru. A ganina duka ɓangarorin biyu a kan akwati suke jayayya, sun manta da kayan da ke ciki. Ni ma'aunina ɗaya ne idan aka kawo mini waƙar jita: in ta ƙare, ina iya gane hannun da ya kaɗa ta? Idan na rufe ido aka sa mini wata waƙar ta wannan yaron gobe, zan ce wane ne? Da yawa daga cikin abin da ke fitowa daga ɗakunan samarinmu ba ya tsallake wannan tambaya, kuma laifin ba na kwamfuta ba ne.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin wayar nan. Jitar lantarki ba ta da murya ta kanta. In ka kaɗa ta ba a jona ba, sai ka kasa kunne za ka ji ta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kuma rawar da tsirkiya ke yi ita ke haifar da 'yar wuta mai rauni a cikin naɗin. Wutar ta bi waya ta shiga amfili, amfili ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti, sautin ya bugi bango ya dawo, sannan makirfo ya ɗauka. Ke nan abin da muka saba kira kukan jita, babban rabonsa na amfili ne da lasifika da ɗakin da aka kaɗa ta. Lasifikar jita ma ba ta fitar da sauti mai tsini sosai. Tana datse abin da ya haura wajen zagaye 5,000 a daƙiƙa, shi ya sa kukan yake fita da taushi maimakon ya soki kunne.

Mai ɗauka a gida ya tsallake waɗannan matakai uku. Daga jita sai kat-son, daga kat-son sai kwamfuta, sannan wata manhaja ta kwaikwayi amfilin da lasifikar da ɗakin da babu su. Wannan kwaikwayo ba sabon abu ba ne: kamfanin Line 6 ya fito da akwatinsa mai suna POD a 1998, manhajar AmpliTube ta biyo baya a 2002, Guitar Rig kuma a 2004. Ribar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce, kuma duk wanda ya raina ta bai zauna a gidan haya na Treichville ba, inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Wa zai bar ka ka ƙure amfili da ƙarfe ɗayan dare, ga jariri a ɗakin da ke jikin naka, ga dattijon da zai tashi kiran assalatu? Kwamfuta ta ba yaron da ba shi da kuɗi damar ya yi kuskure sau ɗari ba wanda ke duba masa agogo. Wannan kaɗai ya isa a gode mata.

Amma garin nan ya san ɗaukar jita tun kafin kwamfuta ta shigo ɗakunan kwana, kuma yana da kyau samarinmu su san a ƙasar da suke tsaye. A shekarun 1980 Abijan ce matattarar mawaƙan Afirka ta Yamma masu neman a ɗauki muryarsu. A nan Oumou Sangare ta ɗauki kundinta na farko, "Moussolou", a 1989. A nan kuma Amadou da Mariam, ma'auratan nan makafi 'yan Mali, suka sauka a 1986, suka haɗu da wani furodusa mai suna Maikano, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, ya fitar musu da kaset-kaset ɗinsu na farko a 1989. Duk wanda ya saurari waɗannan kaset-kaset zai ji yadda suke fayau: jitar Amadou ce da muryoyinsu biyu ke ɗauke da kusan komai. Babu wurin ɓuya. Jitar ita ce ganga, ita ce 'yar amshi, ita ce mai jan baƙi. Amadou ya rasu a Bamako a watan Afrilun 2025, bayan ya kaɗa a manyan filayen duniya da manyan makaɗa a bayansa, amma hannun da duniya ta sani daga baya, cikakkensa yana nan a kaset ɗin Abijan. Ko a rediyon shayi mai batir ka ji shi, ka san shi ne.

Bayan shekara biyu, a 1991, wasu daga cikin mawaƙan Tinariwen, ƙungiyar Abzinawan nan da ta kafa salon jitar hamada, suka shigo situdiyon JBZ a nan Abijan tare da Keltoum Sennhauser, suka ɗauki kaset ɗin da aka sa wa suna "Kel Tinariwen". An sake fitar da shi a 2022, kuma waɗanda suka san Tinariwen ta faifansu na baya-bayan nan sun sha mamaki, domin cike yake da fiyano da gangar inji irin ta wancan zamani. Ni ina son kaset ɗin saboda tarihinsa, kuma muryoyin da ke cikinsa suna da nauyi. Sai dai a wurare da dama nakan ji kamar jitar baƙuwa ce a gidanta. Kayan situdiyon sun zauna a kan tabarma, ita kuma ta rakuɓe a bakin ƙofa. Wannan shi ne darasin farko: inji na iya danne jita ko da a babban situdiyo ne, ko da a hannun gwanaye take. Matsalar ta girmi kwamfutar gida.

Darasi na biyu daga Sakkwato ya fito, kuma shi ne abin da ya fi kusa da halin da samarinmu ke ciki. A 2008 wani saurayi Ba'abzine ɗan jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar, ya tsallaka iyaka ya shiga wani situdiyo a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, "Anar". Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da wayar burkin keke a matsayin tsirkiya. Situdiyon da ya shiga na masu kiɗan finafinan Hausa ne a salonsa: gangar inji, da manhajar Auto-Tune mai gyara murya, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, mawaƙanmu na fim kuma suka mayar da ita ado. Kundin bai bi ta hannun wani kamfani ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta Bluetooth da memori, har ya ƙetara zuwa arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci waƙar "Tahoultine" a wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 da sunan "Music from Saharan Cellphones", kuma sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano mai waƙar. A 2014 aka buga "Anar" a faifan garmaho.

Me ya sa kundin da aka yi da kayan da ba su fi na ɗakin kowane yaron Adjame na yau ba ya yi wannan tafiya? Amsar tana cikin yadda aka raba aiki tsakanin mutum da inji. An bar wa inji ganga, an bar masa ya yi wasa da murya har ta riƙa karkarwa kamar ta mawaƙan fim na Kano. Amma jita ba a taɓa ta ba. Siririya ce, a tsaftace take, ba ta gurnani, ba a lulluɓe ta da amon ƙarya ba. Saboda haka duk wata 'yar lanƙwasa da yatsun Mdou ke yi, duk wani ɗan tsalle daga wannan sauti zuwa wancan, yana fita sarai. Kuma wannan siririn sauti shi ne daidai abin da 'yar lasifikar wayar hannu ke iya fitarwa, tunda ita ba ta san sauti mai kauri ba. Kundin ya san inda za a saurare shi: a majalisar shayi, a tashar mota, a aljihun makiyayi. Bai yi ƙaryar cewa a Landan aka ɗauke shi ba. Ga shi da Tamashek aka rera, amma Bahaushe na jin sa ya ji ƙamshin gida, domin tufafin da aka sa masa ɗinkin Sakkwato ne.

Ba zan ce "Anar" ba shi da aibi ba. Gangarsa ba ta numfashi. Kiɗan Abzinawa, wanda ya sha nonon tende da takamba, yana da wani rangaji da ke ɗan jan baya ya kuma ɗan yi gaba, kuma inji bai san wannan ba. Yadda ya fara haka zai ƙare. In ka saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, kunne na gajiya da wannan taku guda. Muryar ma akwai inda adon ya yi mata yawa har kalma ta narke. Shi kansa Mdou bai tsaya nan ba. "Afelan" na 2013 a fili aka ɗauke shi a ƙasarsu, da amon taro a ciki. "Ilana" na 2019 a birnin Detroit na Amurka aka yi shi, da cikakkiyar ƙungiya da amfili a ƙure. "Afrique Victime" na 2021, wanda kamfanin Matador ya fitar, an ɗauke shi ne guntu-guntu a kan hanya, wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandali, mai kaɗa musu bas Mikey Coltun ya haɗa shi. Kaya sun canza sau huɗu, wuri ya canza sau huɗu. Amma ka jera waƙa ɗaya daga kowanne ka saurara, hannu ɗaya za ka ji. Wannan shi ne abin da nake nema a waƙoƙin samarinmu nake rasawa.

Inda suke fara ɓata shi ne wajen zaɓen sauti. Manhajojin nan suna zuwa da ɗaruruwan sautuka shiryayyu, yawancinsu kwaikwayon amfilin Marshall ne da Fender da makamantansu, an tsara su don kiɗan rok na Amurka da Ingila, inda ake son sauti ya yi gurnani ya daɗe yana ja. Yaro ya danna ɗaya, ya ji ɗakinsa ya cika kamar filin wasa, ya ce ya samu. To amma hannunsa ba daga can ya fito ba. Ko ya sani ko bai sani ba, kunnensa da gurmi da molo da garaya da kuntigi aka raine shi, kayan kiɗan da sautinsu gajere ne, busasshe, mai fita ɗaya bayan ɗaya kamar ana zuba tsaba a faranti. Daɗin gurmin Haruna Uji yana cikin 'yan ƙananan bugun da ke tsakanin manyan. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tal ya yi suna a duniya, kuma ba wanda ya taɓa rikita kuntiginsa da na wani. Idan ka ɗauki irin wannan kaɗawa ka zuba mata gurnanin rok, sai ƙananan bugun su cakuɗe su zama kunu. Abin da ya rage shi ne sautin manhaja, wanda yaron Abijan da na Dakar da na Jakarta duk suke da irinsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Mdou ma da ya koma gurnani a faifansa na baya, sai da ya riga ya san muryar hannunsa tukuna, shi ya sa gurnanin ya bi shi maimakon ya haɗiye shi.

Ɓata na biyu ya fi na farko illa, shi ne yanka da liƙi. Tushensa wata matsala ce ta inji da ba kowa ke lura da ita ba. Tsakanin lokacin da ka taɓa tsirkiya da lokacin da sautin zai dawo kunnenka ta cikin kwamfuta akwai ɗan jinkiri. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka jinkirin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa kamar ka tsaya ne mita uku da 'yan kai daga amfilinka. Wannan hannu na iya jurewa. Amma tsohuwar kwamfuta da aka cika wa ciki da manhajoji tana iya ninka wannan sau uku ko fiye, sai ka zama kamar mai kaɗawa a wannan gefen titi yana jin kansa daga wancan gefen. Dole hannu ya yi ta tuntuɓe. Maimakon yaro ya rage wa kwamfutar kaya, ko ya saurari jitarsa kai tsaye daga kat-son, sai ya kaɗa guntu ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, ya ja kowane bugu da linzamin kwamfuta ya daidaita shi a kan layi, sannan ya kwafe guntun ya jera shi har minti biyar.

Wani zai ce ai kiɗanmu dama maimaici ne. Gaskiya ne, amma maimaicin hannu daban, na kwafi daban. Makaɗan kalangun Mamman Shata suna iya riƙe zubi ɗaya na tsawon waƙa, sai dai duk zagayen da suka yi akwai abin da ya bambanta shi da na baya: nan an ɗan matse, can an ɗan saki, wani wurin an amsa wa abin da mawaƙin ya faɗa yanzun nan. Wannan sauyin da ba a iya rubutawa shi ke hana mai sauraro gyangyaɗi. Guntun da aka kwafa kuwa bai san abin da mawaƙi ke faɗa ba. Ana zancen soyayya yana nan yadda yake, an koma zancen mutuwa yana nan yadda yake. A "Anar" ganga ce kaɗai aka bar wa wannan taurin kai, jita na yawo a kanta a sake. A waƙoƙin samarinmu an ɗaure su duka biyu a turke ɗaya. Wasu ma sun hutar da kansu gaba ɗaya, sun ciro sautin jita daga cikin fiyano, alhali ga jita ta gaske jingine a bango.

Na uku shi ne sakaci a bakin ƙofa, tun kafin sauti ya shiga kwamfuta, kuma shi ne wanda ya fi damun mu a rediyo. Laimar garin nan ba ta barin ƙarfe. Tsirkiyar da ta yi watanni a jiki ta yi tsatsa, kukanta ya dushe, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da bai shiga ba. Wani ba ya tsayawa ya saita tsirkiyoyin su yi daidai da juna, ga murya an gyara ta da Auto-Tune ta miƙe sak, ga jita a karkace a ƙarƙashinta. Wani yana cusa jita a ramin makirfo na kwamfuta, ramin da ba don ita aka yi shi ba, ya shanye mata kaifi. Sai ƙugin wuta: lantarkin ƙasar nan zagaye 50 yake yi a daƙiƙa, maganaɗisun jita kuma na kwasar wannan ƙugi daga fanka da firji da cajar kwamfuta, alhali sau da yawa zare cajar a yi aiki da batir, ko juya kujera a canza fuska, ya isa ya rage shi. Daga ƙarshe sai a ƙure komai har fitila ta yi ja, don waƙar ta fi ta maƙwabci ƙara. Abin da ba su sani ba shi ne, gidajen rediyo na da na'urar da ke ƙara matse sauti kafin ya hau iska. Waƙar da aka riga aka matse a gida, in ta bi ta nan, sai ta fito kamar ana yaga takarda. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kada a ɗauka ina goyon bayan masu cewa a yar da kwamfuta a koma gargajiya. Akwai wasu masu sauraro, musamman a Turai da Amurka, da suka fi son kiɗanmu in akwai carar zakara a bayansa da ƙarar janareta, suna ganin nan ne asali yake. Wannan ma wani nau'in raini ne. Talaucin kaya ba ado ba ne, kuma mawaƙin Afirka na da haƙƙin ya so sautinsa ya fita tas kamar na kowa. Abin da nake cewa bai shafi tsadar kaya ko arharsu ba. A 2020 Sahel Sounds ta fitar da jerin waƙoƙi mai suna "Music from Saharan WhatsApp", waɗanda mawaƙa suka ɗauka da wayar hannu suka tura, ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe jerin. Waya ɗaya ce aka ajiye a inda ya dace, amma kana jin mutane suna kallon juna suna kiɗa. A ɗaya gefen kuma ga Hama na Yamai, wanda ya yi kundinsa "Houmeissa" na 2019 kacokan da kwamfuta, ya ɗauko karin waƙoƙin hamada ya sake gina su da sautin inji tsantsa, bai yi kamar akwai jita a ciki ba. Duka biyun na yarda da su, domin kowanne ya san abin da yake yi da kayan da ke hannunsa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai riƙe da jita ta gaske, ya bar inji ya goge duk wata alama da ke nuna mutum ne ya kaɗa ta.

Akwai kuma abin da ke gaban ɗauka, wanda kwamfuta ba ta sayar da shi. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Almeida ke jagoranta, tana rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fillanci, kuma kundinta "Kaani" na 2013 a Yamai aka ɗauke shi. Duk wanda ya ji yadda jitocinsu ke shiga tsakanin juna cikin sauri ba tare da ɗaya ta taka ɗaya ba, zai ɗauka dabarar situdiyo ce. Sirrin shi ne mutanen nan sun shafe shekaru suna kiɗa na sa'o'i a jere, dare bayan dare, a gaban masu rawa da ba sa yafe kuskure. Kafin makirfo ya zo, aikin ya riga ya nuna. Yaron da bai taɓa kaɗa waƙarsa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa ba, bai taɓa kaɗa ta a gidan suna ko biki ya ga inda mata ke tashi da inda suke komawa su zauna ba, to bai san waƙar ba tukuna, balle ya ɗauke ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, har yau jita ba ta sami mazauni a kiɗan Hausa na zamani ba. Fiyano ne ya mamaye shi tun tasowar finafinan Kano. Abzinawa sun mallaki jita har ta zama tasu, mutanen Mali da Gini sun zuba mata karin kora da ngoni, nan Kwaddibuwa marigayi Ernesto Djedje, wanda ya rasu a 1983, ya ɗauko kiɗan ƙabilarsa ta Bete ya gina ziglibiti a kan jita. Gurmi da garaya suna nan suna jiran wanda zai yi musu irin wannan hidima. Kuma ban ga waɗanda suka fi dacewa da ita kamar 'ya'yan Hausawan Abijan ba, waɗanda ke kwana da Shata a wayar mahaifinsu, su tashi da jitar Mali a shagon maƙwabci, su wuce zuglu da kufe-dekale na tashi a bakin titi. Wannan gado ne da ɗan Kano ba shi da shi, ɗan Agadas ma ba shi da shi. In suka miƙa shi ga sautin da wani injiniya ya shirya a wata ƙasa don wani kiɗa daban, an yi asarar da ba ta su kaɗai ba ce.

Don haka roƙona ga ƙannena masu jita a ɗaki ba mai tsada ba ne. Ku ɗauki jitar a tsaftace tukuna, ku saurare ta tsirara. In ba ta yi daɗi a haka ba, ku koma ku yi ta gwaji, domin manhaja ba za ta cece ta ba. Ku kaɗa waƙar gaba ɗayanta a zama ɗaya, ko da sau ashirin za ku maimaita, ku zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai ɗan tuntuɓe a ciki. Ku saurare ta a wayar hannu kafin ku turo, tunda a nan jama'arku za su ji ta. Ga manyanmu kuma, kafin a yanke wa yaro hukunci don an ga kwamfuta a ɗakinsa, a tuna cewa ɗaya daga cikin fitattun makaɗan jitar Afirka a yau, a gaban kwamfuta ya fara, a wani situdiyo na Sakkwato. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma aikin kwamfuta shi ne ta isar da kukan inda ƙafa ba ta kai ba. Allah ya ba samarinmu kunnen jin nasu kukan, ya ba mu mu kuma haƙurin sauraro.